Kwalejin Bronx: Yadda 'Ya'yan Talakawa Suka Gaji Tudun Masu Hali

A shekarar 1973 Jami'ar New York, wadda aka fi sani da NYU, ta sayar da harabarta da ke kan tudun University Heights a gundumar Bronx. Dole ce ta sa. Bashi ya kai mata iya wuya, ɗalibai sun ragu, kuɗin bincike da take samu daga gwamnatin tarayya ya ja baya, iyaye masu hali kuma sun fara ɗari-ɗari da tura 'ya'yansu unguwar da suke ganin ta soma lalacewa. Aka daidaita a kan kuɗi kimanin dala miliyan 62. Hukuma ce ta biya, ta kuma miƙa makullan ga wata kwalejin gwamnati ta shekara biyu, wadda har zuwa lokacin a warwatse take, tana raba ɗalibanta tsakanin wani tsohon ginin sakandare da wasu gine-ginen da ta samu nan da can a cikin unguwa. Sunanta Bronx Community College, wato kwalejin al'ummar Bronx. Faɗuwar wani, tashin wani.

Abin da ta gada ba ƙarami ba ne. Fili ne mai faɗin kusan eka 45 a kan tsauni, yana kallon Kogin Harlem da arewacin tsibirin Manhattan. A zamanin yaƙin neman 'yancin Amurka sojojin Ingila sun kafa sansani a wurin saboda tsayinsa. A shekarun 1890 shugaban NYU na lokacin, Henry MacCracken, ya ga cewa tsakiyar birni ta yi wa jami'arsa ƙunci da hayaniya, sai ya nemi wannan tudu, wanda a lokacin ƙauye ne mai gidajen attajirai da gonaki. Ya ɗauko Stanford White, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na zamaninsa, ya tsara masa haraba. A 1894 aka fara karatu a can. Shekaru da yawa samari ne kawai ake ɗauka, galibinsu fararen fata, 'ya'yan gidajen da ke da abin biya.

Kafin a kai ga yadda tudun ya canja hannu, ya kamata mai karatu ya san mece ce kwalejin al'umma a tsarin Amurka, domin ba ta da takwara sak a wajenmu. Makaranta ce ta gaba da sakandare, ta gwamnatin jiha ko ta birni, wadda ake gamawa cikin shekara biyu idan komai ya tafi daidai. Ta yi kama da kwalejin kimiyya da fasaha mai ba da difloma, sai dai tana da ƙofa ta biyu: wanda ya gama zai iya ɗaukar sakamakonsa ya wuce jami'a, a lissafa masa shekaru biyun nan, ya ƙarasa digiri. Ba ta da ɗakunan kwanan ɗalibai a mafi yawan wurare. Daga gida ake zuwa, ko daga wurin aiki. Ta farko a cikin na gwamnati da har yau take aiki ita ce ta Joliet a Jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai 6. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da tsofaffin sojoji suka dawo gwamnati na biya musu karatu, buƙata ta yi yawa. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a baza irin waɗannan kwalejoji a faɗin ƙasar, kusa da gidajen mutane, a kan farashin da talaka zai iya. Jihar New York ta yi dokarta a 1948.

Mutanen Bronx sun shafe kusan shekara goma suna matsa wa hukuma lamba kafin a ba su tasu a 1957. A watan Fabrairun 1959 aka fara darasi da ɗalibai 125. Gidanta na farko shi ne tsohon ginin sakandaren kimiyya ta Bronx da ke mahaɗar titin Creston da titi na 184, shugabanta na farko kuma Dakta Morris Meister, wanda shi ne ya kafa waccan sakandare mai suna, ya kuma daɗe yana jagorantarta. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana tace haziƙan yara ta hanyar jarrabawa mai tsanani, sai ga shi a ƙarshen aikinsa yana gina makarantar waɗanda jarrabawa ta bari a baya. A 1961 aka haɗa kwalejojin birnin a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Jami'ar Birnin New York, wadda ake kira CUNY, kwalejin Bronx na cikinsu.

Akwai wani abu a nan da masu ba da labarin CUNY kan tsallake. Ana yawan cewa karatu kyauta ne a kwalejojin birnin tun 1847, shekarar da aka kafa makarantar da ta zama City College. Gaskiya ne, amma ga waɗanda suka ci makin shiga manyan kwalejojin na shekara huɗu. Ɗaliban kwalejojin al'umma da farko biya suke yi, saboda dokar jiha ta raba nauyin gida uku: kashi ɗaya na jiha, ɗaya na birni, ɗaya na ɗalibi. Wato yaron da ya fito daga sakandare mai kyau, ya samu maki mai yawa, shi ke karatu kyauta. Wanda ya fito daga makarantar da rufinta ke yoyo, shi ake cewa ya kawo kuɗi. Sai a 1964, a zamanin magajin gari Robert Wagner, aka ɗauke wa ɗaliban kwalejojin al'umma wannan nauyi.

Kyauta dai ta samu, amma ƙofar ƙarama ce. A ƙarshen shekarun 1960 jama'ar birnin ta sauya sosai. Baƙaƙen fata daga kudancin Amurka da 'yan Puerto Rico sun cika Harlem da kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, harajinsu na cikin abin da ke riƙe da jami'ar, 'ya'yansu kuwa ƙalilan ne a cikin azuzuwanta. City College tana tsakiyar Harlem, amma mafi yawan ɗalibanta fararen fata ne. A watan Afrilun 1969 ɗalibai baƙaƙe da 'yan Puerto Rico suka ɗaure ƙofofin sashen kudu na kwalejin da sarƙa, suka zauna a ciki kusan mako biyu, da buƙatu biyar, babbarsu ita ce a riƙa ɗaukar ɗalibai daidai da yadda jama'ar sakandaren birnin take. An yi rikici, an yi gobara a wani gini, shugaban kwalejin ya ajiye aiki. Hukumar jami'ar da ma ta tsara buɗe ƙofa ga kowa a 1975. Ganin yadda abin ya yi zafi, sai ta dawo da shi 1970.

Ƙa'idar ta 1970 mai sauƙi ce. Duk wanda ya gama sakandare a birnin New York yana da gurbi a CUNY. Mai matsakaicin maki 80, ko wanda yake cikin rabin sama na ajinsa, zai shiga kwalejin shekara huɗu. Saura kuma su tafi kwalejojin al'umma. Sababbin ɗaliban da jami'ar ta ɗauka suka tashi daga kimanin 20,000 zuwa kimanin 35,000 cikin shekara guda. Wannan ambaliya ce ta sa kwalejin Bronx ta rasa inda za ta zuba mutane, ta riƙa karɓar gine-gine a unguwa, ɗalibi ya fito daga darasin lissafi ya tsallaka tituna da gudu don ya cimma na Turanci. Shugabanta a lokacin Dakta James Colston ne, wanda ya karɓi ragama a 1966, kuma ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko da ya shugabanci kwaleji a Jihar New York. A hannunsa aka yi ƙaura zuwa tudu a kakar 1973.

Daga cikin waɗanda buɗaɗɗiyar ƙofa ta ceta akwai Richard Carmona. Ɗan Harlem ne, asalin iyayensa Puerto Rico, ya bar sakandare bai gama ba, ya shiga soja a 1967, ya yi aikin jinyar waɗanda suka ji rauni a fagen yaƙin Vietnam. Da ya dawo babu jami'ar da za ta dube shi da takardun da yake da su. Kwalejin Bronx ta ɗauke shi, ya karanta aikin jinya, daga nan ya wuce California ya zama likitan fiɗa. A 2002 Shugaba George W. Bush ya naɗa shi babban likitan ƙasar Amurka, muƙamin da ya riƙe har 2006. Marubuci Oscar Hijuelos, ɗan asalin Cuba da ya ci kyautar Pulitzer a 1990, shi ma ta nan ya fara. Ba kowa ne ya zama Carmona ba, kuma bai kamata a auna makaranta da mutum biyu ba. Dubban da suka fito suka zama ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoton ƙashi da akawu, suka fitar da iyalansu daga ɗaki ɗaya zuwa ɗaki uku, su ne ainihin aikin, ko da jarida ba ta taɓa buga sunansu ba.

Murna ba ta daɗe ba. A 1975 birnin New York ya tsaya a bakin fatara. Bankuna suka ƙi ƙara ba shi rance, Shugaba Gerald Ford da farko ya ce gwamnatin tarayya ba za ta cece shi ba. Aka kafa hukumar da za ta sa ido a kan kowane kwabo da birnin zai kashe, masu ba da bashi kuma suka nuna karatun kyauta da yatsa a matsayin alamar almubazzaranci. A ƙarshen watan Mayun 1976 kuɗin albashi ya ƙare wa CUNY, shugabanta Robert Kibbee ya rufe jami'ar baki ɗaya, ana tsakiyar lokacin jarrabawa, har tsawon mako biyu. Da aka buɗe, an buɗe da sharaɗi: za a fara biyan kuɗin makaranta. Al'adar da ta yi shekara 129 ta ƙare a nan. Ɗalibin kwalejin al'umma aka yanka masa dala 775 a shekara. Aka sallami dubban malamai da ma'aikata, kuma cikin 'yan shekaru jami'ar ta yi asarar dubun-dubatar ɗalibai.

A duba lissafin da kyau. Shekara 129 ana karatu kyauta. A cikinsu shekara 6 kacal ne ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa. Ɗaliban kwalejin Bronx kuwa shekara 3 suka yi a kan tudu kafin takardar biya ta iso. Masu kare matakin suna cewa asusun birni ya bushe, kuma tallafin jiha da na tarayya ya rufe wa mafi talauci giɓin. Akwai gaskiya a ciki. Amma birnin nan ya ratsa babban karayar arziƙin shekarun 1930 bai sa wa ɗalibansa na rana kuɗi ba, har ma a cikin shekarun ya buɗe sababbin kwalejoji a Brooklyn da Queens. Abin da ya bambanta a 1976 shi ne fuskokin da ke zaune a kan benci. A ganina, duk wanda ya ce launin fata ba ya cikin lissafin, sai ya kawo hujja mai ƙarfi.

A wannan guguwar ce aka so a haɗiye maƙwabciyar kwalejin Bronx. Kwalejin Hostos, wadda aka kafa a 1968 a kudancin Bronx don koyarwa da Turanci da Sifaniyanci, hukuma ta yanke shawarar a narkar da ita cikin kwalejin Bronx don rage kashe kuɗi. Ɗalibai da malamai da mutanen unguwa suka mamaye gininta kusan kwana ashirin a bazarar 1976, suka yi ta zanga-zanga har majalisar jiha ta sa a doka cewa Hostos za ta ci gaba da zama da ƙafafunta. Shi ya sa yau Bronx ke da kwalejojin al'umma biyu.

Wanda ya karɓi kwalejin Bronx a wannan mawuyacin hali, a 1977, shi ne Dakta Roscoe Brown. Matuƙin jirgin yaƙi ne a cikin rundunar baƙaƙen fata ta Tuskegee, a zamanin da sojan Amurka ke raba barikin baƙaƙe da na farare. A watan Maris na 1945 ya harbo ɗaya daga cikin sababbin jiragen Jamus masu gudun tsiya a kusa da Balin. Bayan yaƙi ya yi shekaru yana koyarwa a NYU ɗin da ta bar tudun. Ya shugabanci kwalejin shekara 16, har 1993. Shekarar da ya hau ita ce wadda Shugaba Jimmy Carter ya zo ya tsaya a cikin kangwayen titin Charlotte, lokacin da gobara ke cin gidajen kudancin Bronx unguwa-unguwa, masu gidajen haya suna gudu, wasu ma suna cinna wa nasu wuta don su karɓi kuɗin inshora. A irin wannan gari, makarantar da ta ci gaba da buɗe ƙofa kowace safiya ta yi abin a yaba.

Yanzu a shiga harabar. Abin da ido ke fara kamawa shi ne ɗakin karatu na Gould, mai ƙatuwar ƙubba, wanda Stanford White ya kwaikwayo daga tsohon ginin Pantheon na birnin Rum. Helen Gould, 'yar hamshaƙin attajirin jiragen ƙasa Jay Gould, ita ta biya kuɗin ginin don tunawa da mahaifinta. Idan ka hau matakala ka shiga, za ka tarar da zagayayyen zaure, ginshiƙai 16 na koren dutsen marmara da aka yo jigilarsa daga Connemara a ƙasar Ailan suna tsaye a kewaye, sama kuma rufi mai ruwan zinariya, sunayen masana da marubuta na dā a rubuce a jikin bango. Masu shirya fina-finai suna son wurin. An ɗauki wani ɓangare na fim ɗin A Beautiful Mind a harabar. Sai dai tun kafin kwalejin ta iso aka daina ajiye littattafai a ginin, kuma a 1969 wani ya cinna wuta ta lalata zauren taron da ke ƙarƙashinsa. Ƙarancin ƙofofin fita ya sa doka ta taƙaita yawan mutanen da za su iya taruwa a ciki. Don haka kusan shekara arba'in ɗaliban da ke wucewa ta gaban ɗaya daga cikin kyawawan ɗakunan karatu na Amurka, a ƙarƙashin ƙasa suke karatu, a gindin wani ginin siminti, inda hasken rana ba ya kaiwa.

A 2012 aka gyara wannan. Aka buɗe sabon gini, North Hall, wanda ofishin Robert Stern ya zana da bulo mai launi irin na tsofaffin gine-ginen, ya rufe gefen arewa na filin tsakiya da aka bari a buɗe fiye da ƙarni guda. Azuzuwa suna ƙasa, ɗakin karatu yana sama, da dogayen tagogi da rufi mai baka biyu irin na wani sanannen ɗakin karatu a Faris. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta sa harabar cikin wuraren tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa wata kwalejin al'umma haka. A ɗaya gefen akwai gine-ginen Marcel Breuer na shekarun 1960, na zallar siminti. Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne Begrisch Hall, zauren lacca da ke tsaye a kan ƙafafu, gabansa da bayansa suna reto a iska. Wasu na sha'awarsa, wasu na kawar da kai.

Bayan ɗakin karatu na Gould akwai wata doguwar rumfa mai ginshiƙai, tsawonta ƙafa 630, ta yi baka a bakin gangare. Wannan ita ce rumfar manyan Amurkawa, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 1901, ta farko irinta a ƙasar. MacCracken ya ƙirƙiro ta ne, a wani ɓangare, don ta rufe katangar da ke tallafe da ginin a kan gangaren. Tsakanin kowane ginshiƙi biyu akwai mutum-mutumin tagulla, kai da ƙirji: Washington, Lincoln, Franklin, Edison, 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright da suka fara tashi da jirgin sama. A dā zaɓen wanda zai shiga babban labari ne, jaridu na muhawara, ƙungiyoyi na kamfe. Mutum 102 aka zaɓa, aka kafa mutum-mutumi 98, zaɓe na ƙarshe kuma a 1976 aka yi shi, kuɗi ya yanke. A cikinsu baƙaƙen fata biyu ne: Booker T. Washington da George Washington Carver. Shekara 44 ɗaliban kwalejin, jikokin bayi da 'ya'yan baƙin haure, suna gittawa ta gaban Robert E. Lee da Stonewall Jackson, janar-janar biyu da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore. A watan Agustan 2017, bayan tarzomar masu fifita farar fata a Charlottesville, aka ɗauke su biyun. Shugaban kwalejin a lokacin, Dakta Thomas Isekenegbe, haifaffen Najeriya ne, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya kuma jagoranci kwalejin daga 2015 zuwa 2023.

Zuwan ɗan Najeriya kan wannan kujera bai zama baƙon abu ba ga wanda ya san Bronx ta yau. Mafi yawan ɗaliban kwalejin 'yan asalin ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ne, musamman Jamhuriyar Dominika, sai baƙaƙen fata na Amurka da na tsibiran Karibiyan da na Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1980 'yan Ghana da Gambiya da Gini da Mali da Senegal da Nijar da Najeriya suke sauka a yammacin Bronx, kuma a cikinsu akwai mutanen zango daga Accra da Kumasi da ke hira da Hausa a bakin shago, suna da masallatansu, irin na ƙungiyar Yankasa. Direban tasi da mai gadi da mai kitso da mai kula da tsofaffi a gida, idan suka yi niyyar komawa aji, ko suka tashi sa 'ya'yansu, irin wannan kwaleji ce ta fi kusa da su. Jirgin ƙasa mai lamba 4 ya sauke ka a tashar Burnside, ka hau gangara da ƙafa.

Ahmadu Diallo, ɗan ƙasar Gini, irin wannan buri ya zo da shi. Yana tallar safa da safar hannu da kaset a gefen titi a Manhattan, yana tara kuɗi don ya karanta ilimin kwamfuta. Ya riga ya shaida wa mahaifiyarsa cewa ya haɗa dala 9,000. A daren 4 ga Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Soundview, 19 suka same shi. Ba shi da makami, yana da shekara 23. Kotu ta wanke su a shekarar da ta biyo. Mahaifiyarsa, Kadiatou Diallo, ta kafa gidauniya da sunansa, kuma kwalejin Bronx na cikin wuraren da gidauniyar ke ba ɗalibai tallafin karatu. Haka kuma Kalief Browder, wanda aka kama yana ɗan shekara 16 bisa zargin satar jakar goyo, iyalinsa suka kasa biyan belin dala 3,000, ya yi kusan shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba, mafi yawansu a ɗakin kaɗaici. Da aka sake shi a 2013 ya ci jarrabawar da ke madadin sakandare, ya shiga wannan kwaleji, yana ƙoƙari. Abin da kurkuku ya yi wa ƙwaƙwalwarsa ya fi ƙarfinsa. Ya kashe kansa a watan Yunin 2015. Waɗannan su ne mutanen da ake nufi idan an ce makaranta ta kowa ce, kuma kayan da suke shigowa da shi aji ya fi jakar littattafai nauyi.

To nawa ake biya? Tun 2015 kuɗin shekara ga mazaunin birni mai cikakken karatu dala 4,800 ne, ban da 'yan kuɗaɗen rajista, kuma ya daɗe bai motsa ba. NYU ɗin da ta sayar da tudun tana karɓar sama da dala 60,000 a shekara. Ɗalibin da iyalinsa ba su da ƙarfi yana iya samun tallafin tarayya na Pell, wanda mafi girmansa ya kai dala 7,395 a 2023, ga kuma tallafin jiha da ake kira TAP. Idan aka haɗa, da yawa ba sa ciro ko sisi na kuɗin makaranta daga aljihu. Tun 2019 dokar jiha ta ba wa wasu ɗaliban da ba su da takardun zama damar neman tallafin jiha. Wanda ya zo da bizar karatu daga waje lissafinsa daban ne: dala 320 kan kowane yunit na kwas, ga shi ba ya cikin masu samun Pell. Idan ya ɗauki yunit 15, abin da zai biya a zango ɗaya shi ne abin da ɗan gari ke biya a shekara.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Shekaru da dama, a kwalejojin al'umma na manyan birane, a cikin ɗalibai biyar da suka shiga da kyar ɗaya ke fita da takarda cikin shekara uku. A dā da yawa idan suka zo da rauni a lissafi da rubutu, sai a tura su azuzuwan share fage da ba a lissafa makinsu, tallafinsu na ƙarewa, ba su matsa ba. Nauyin ya ƙaru bayan 1999, lokacin da CUNY ta janye irin waɗannan azuzuwa daga manyan kwalejojinta ta bar wa ƙananan. Wasu kuma abin da ke kayar da su bai kai a faɗa ba: an canja wa mutum lokacin aiki, mai renon yaro ta yi tafiya, littafi ɗaya ya fi dala ɗari, katin jirgin ƙasa na wata ya kai dala 132 a 2023. Uwa mai 'ya'ya biyu da ke fita aikin dare tana iya samun karatu kyauta, ta kuma kasa zuwa aji ranar Laraba saboda ba kuɗin mota.

A 2007 CUNY ta fito da wani shiri mai suna ASAP wanda ya kalli waɗannan ƙananan ramuka. Ɗalibi zai yi alkawarin cikakken karatu. Ita kuma jami'a za ta cike abin da tallafi bai biya ba, ta ba shi katin sufuri, ta taimaka da littattafai, ta jera masa darussa a lokaci ɗaya na yini don ya iya riƙe aikinsa, ta haɗa shi da mai ba da shawara wanda ɗalibansa ba su yi yawa ba, wanda zai kira shi idan ya ga kwana biyu shiru. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin a kwalejoji uku na CUNY ta hanyar ƙuri'a, wasu a ciki wasu a waje. Bayan shekara uku kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke ciki sun gama, na waje kuwa kashi 22. Da wuya a samu wani gyara a ilimin gaba da sakandare na Amurka da ya nuna irin wannan tazara. Ganin haka aka zaɓi kwalejin Bronx a 2015 don a faɗaɗa shirin ya game mafi yawan sababbin ɗalibanta masu cikakken karatu. A harabar akwai kuma wurin renon 'ya'yan ɗalibai da rumbun abinci ga mai buƙata. A ra'ayina waɗannan biyun sun fi ƙubbar Gould amfani ga wanda ke ƙoƙarin gama zango.

Yawan ɗalibai yana hawa da sauka tare da halin gari. Bayan karayar tattalin arziƙi ta 2008, da aiki ya yi wuya, mutane suka koma aji, adadin ya haura 11,000. Annobar korona ta 2020 ta yi wa Bronx mummunan duka, ta kashe mutane fiye da ƙima a unguwannin da ma'aikatan asibiti da na kantuna da na sufuri ke zaune. Karatu ya koma intanet a gidajen da mutum biyar ke raba kwamfuta ɗaya, ko ba su da ita sam. Cikin shekara biyu adadin ya faɗo kusan 7,000. Kuma saboda wani kaso na kuɗin da jiha ke bayarwa yana bin yawan ɗalibai, raguwarsu raguwar kasafi ce, alhali gine-ginen da suka haura shekara ɗari ba su san an ragu ba. A watan Nuwamban 2022 na'urorin ɗumama suka gaza, aka mayar da darussa da dama intanet na wani lokaci saboda sanyi. Wurin tarihi yana da daɗin nunawa baƙo, amma bututun ruwansa da tukwanen ɗumama shi kuɗi suke ci kowace shekara.

Wani mataki ya zo a 2025, lokacin da Gwamna Kathy Hochul da majalisar jiha suka amince a ɗauke wa manya masu shekara 25 zuwa 55, waɗanda ba su da digiri, kuɗin makaranta da na littattafai a kwalejojin al'umma, idan sun zaɓi fannonin da ake ƙarancin ma'aikata, irin su jinya da fasahar kwamfuta da koyarwa. Kwalejin Bronx na da darussan jinya da na ɗaukar hoton ƙashi da na gwaje-gwajen asibiti, ga sashen gyaran mota wanda babu irinsa a sauran kwalejojin CUNY, don haka mutanenta da yawa za su amfana. Sharuɗɗan dai sun bar wasu a waje: yarinyar da ta gama sakandare tana da shekara 18, da magidancin da ya haura 55, da duk wanda zuciyarsa ke kan tarihi ko adabi. Ƙungiyar malaman CUNY da ƙungiyoyin ɗalibai suna ci gaba da neman majalisar jiha da ke Albany ta mayar da karatu kyauta ga kowa, kamar yadda yake kafin 1976, tare da ƙarin malamai na dindindin da masu ba da shawara.